Gidan gona a bayan Dadin Kowa: gas nawa zai ishe ni, kuma wane tanki zan saya?

"Assalamu alaikum. Na yi ritaya bara, na gina ɗan gida a gonata da ke bayan Dadin Kowa, kuma niyyata in tare can da iyalina gaba ɗaya, rani da damina. Mu bakwai ne har da yaron da ke kula da kaji. Wutar NEPA ba ta kai wajen ba. Ina so girki ya koma na gas, in sa firji mai aiki da gas, in mayar da janaretana na gas, sannan ina sa 'yan tsaki ɗari biyar-biyar. Ɗana ya duba a intanet ya ce in sayi tanki mai cin galan 500 irin na Amurka. Gas nawa zan riƙa sha a shekara, kuma wane girman tanki ya dace da ni? Hanyarmu takan lalace a watan Agusta." Daga wani mai karatu a Gombe.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya sa a tare a sa'a.

Tambayar taka ɗaya ce a baki, amma uku ce a wajen aiki. Akwai yawan gas ɗin da gidan zai sha a wata. Akwai yawan kwanakin da za ka iya yi ba ka je cikawa ba, musamman da ka ambaci hanya. Sannan akwai wadda kusan kowa ke mantawa da ita, wato gas nawa kayanka za su ja a cikin awa guda idan duk suka kama aiki lokaci ɗaya. Jimillar shekara da ka fi damuwa da ita amfaninta a wajen kasafin kuɗi ne. Girman abin da za ka saya kuwa, biyun ƙarshen nan ne suke yanke shi.

Maganar galan 500

Ɗanka bai yi ƙarya ba, tankin nan yana nan, kuma shi ne aka fi gani a gidajen karkara na Amurka. Galan ɗaya nasu lita 3.8 ne, ba a kuma cika tankin sai kashi 80 cikin 100, don haka abin da yake ɗauka galan 400 ne, wajen kilo 770 kenan a ma'auninmu. Abin da ya sa suke buƙatar wannan girman shi ne ɗumama gida. A jihohinsu na arewa ƙanƙara takan rufe ƙasa watanni, injin ɗumama ɗaki yana ci dare da rana, kuma shi ke lashe mafi yawan gas ɗin. Girki a wajensu ɗan ƙaramin kaso ne. Kai kuwa a gaɓar Gongola, sanyin da ya fi tsanani bargo da rigar sanyi suna maganinsa. Idan ka ɗauko lissafinsu ka ɗora a gidanka, ka sayi rigar da aka ɗinka wa wani.

Gas ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Nasu furofen ne kusan zalla, saboda shi yana ci gaba da zama iska har sai sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili. Namu gauraye ne na furofen da biyuten, kuma sau da yawa biyuten ya fi rinjaye. Tun 2007 kamfanin gas na NLNG da ke Bonny a Jihar Ribas ya fara ba kasuwar cikin gida gas ɗin girki, daga nan a kai shi rumbunan bakin teku irin na Legas, sannan tankoki su ɗauko shi su hauro mana da shi Arewa. Shi biyuten da zarar ya yi sanyi ya kusa sifili sai ya ƙi tashi, ya kwanta a ruwansa. Ka riƙe wannan, zai dawo a gaba. A wajen ƙarfin wuta kuwa kusan kunnen doki suke, kilo ɗaya na kowannensu yana ba da zafin da ya kai na yunit 13 na lantarki ko kusa da haka. Shi ya sa mu a nan da kilo muke magana, ba da lita ko galan ba. Sikeli ba ya damuwa da wane gauraye aka zuba maka.

Mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya

Girki ne farko. Matsakaicin kan murhu idan aka buɗe shi duka yana cin wajen giram 150 a awa, babban kai kuma ya haura 200. Amma ba wanda ke girki da wuta a ƙure tun daga farko har ƙarshe, ana rage ta idan tukunya ta tafasa, don haka ni giram 120 nake ɗauka. A gida mai mutum bakwai da ake ɗora tukunya sau uku, idan ka haɗa awannin da kowane kai ya yi yana ci za ka samu kamar awa biyar a yini. Giram 600 kenan, kilo 18 a wata. Ka ce 20. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani a gidajen da nake yi wa aiki, inda tukunya mai kilo 12.5 ke yin mako biyu da rabi zuwa uku. Gidan da suka ce maka tasu tana yin wata biyu, ka leƙa bayan kicin, akwai murhun gawayi ko na itace da ake dafa wake da ganda da tuwon dare a kai. Kai ma da kake gona, karan dawa da totuwar masara ba za su yanke maka ba, kuma ba na jin Hajiya za ta yarda a yi suyar naman layya a ɗan kan murhun gas. Duk da haka ka ƙara kilo 30 a shekara saboda azumi da salla da baƙi. Gidan gona yana jawo baƙi fiye da yadda mai shi ke zato, musamman lokacin ɗanyar masara. Girki ya tashi kilo 270 a shekara.

Ruwan wanka shi ne wanda ke shammatar mutane. Kafin ruwan bokiti ɗaya ya yi ɗumin da za a iya wanka da shi a safiyar Janairu, an ƙona wajen giram 100 a kan murhu, domin rabin zafin yana bin gefen tukunya ya tafi iska. Mutum bakwai, giram 700 a yini, kilo 21 a wata. Ka ga ruwan zafi kaɗai ya kamo girki. Wannan ne dalilin da duk shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu, ake ta zargin masu gidan gas da cewa sun rage awo, alhali butar ruwan zafi ce ta sha. Wata uku na hunturu da 'yan kwanakin marka a Agusta, ka sa kilo 80.

Firjin gas ba shi da injin da ke ƙara, ɗan harshen wuta ne kamar na aci-bal-bal yake ci a bayansa ba dare ba rana. Irinsa ne aka daɗe ana ajiye allurar rigakafi a ciki a asibitocin karkara kafin na sola su karɓe wurin. Matsakaici yana cin giram 300 zuwa 400 a kwana, ya ɗan haura haka a Afrilu. Kilo 11 a wata, 130 a shekara. Sharaɗinsa biyu ne: ya zauna daram a ƙasa mai daidai, ba karkacewa, kuma ya samu iska a bayansa. A zafin bazara idan ɗaki ya haura digiri 40 yana wahala, ruwa zai yi sanyi amma kada ka sa ran ƙanƙara mai ƙarfi.

'Yan tsaki ɗari biyar, hita ɗaya ta gas mai cin giram 150 a awa tana riƙe su. A hunturu, makon farko ba a kashe ta, kilo 3.6 a kwana, 25 a mako. Mako na biyu ana kashewa da rana tsaka, ya sauko 17. Na uku dare kawai, kamar 8. Zubi ɗaya na hunturu kilo 50 kenan. Na damina da na kaka ba sa wuce 30, na bazara kuwa da ƙyar ya ci 15, don a lokacin neman yadda za ka rage musu zafi kake yi. Idan zubi huɗu kake yi a shekara, ka sa 125.

In ka tara waɗannan, sun tashi kilo 600 da 'yan kai a shekara. Wata mafi nauyi shi ne Janairu idan ya haɗu da sabon zubin tsaki: girki 20, ruwan zafi 21, firji 10, tsaki 50, wajen kilo 100. Watan da babu tsaki babu sanyi kuwa, kilo 30 zuwa 35 ya ishe ka.

Saura janareta, kuma da gangan na bar shi a ƙarshe. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, na sa wa injina da yawa kafireto mai aiki da gas, kuma ba na kushe abin. Man injin yana daɗewa bai yi baƙi ba, fulogi ba ya yin dauɗa, babu kuma ɗan aiken da zai tsiyaye maka lita biyu a hanya. Sai dai ci ne da shi. Injin da bai wuce kVA 3 ba, yana ɗauke da rabin kayansa, yana shan giram 500 zuwa 700 a awa. Mu ce 600. Awa huɗu kullum, daga magariba zuwa bayan labaran ƙarfe tara, kilo 2.4 a kwana, 72 a wata, 864 a shekara. Shi kaɗai ya fi girki da firji da ruwan wanka da kaji in an haɗa su. Jimillarka ta tashi daga kilo 600 ta koma kusan tan ɗaya da rabi. Ko da a ce kilo naira dubu ɗaya ne cif, janareta ya ci maka sama da dubu ɗari takwas da sittin a shekara ɗaya.

Da ni ne kai, wannan kuɗin a faifan sola da batir zan zuba shi. Rana ba ta yi mana rowa a Gombe. Fitilu, fanka, talabijin, cajin waya, duk sola ta ɗauka, janareta ya zama na ko-ta-kwana, na ranar da za a tayar da famfon rijiya ko hadari ya rufe sama kwana biyu. In ka yi haka, shi kansa firjin ma sai ka sake tunani a kai, domin na lantarki mai cin wuta kaɗan ya fi na gas sanyi a bazara. Sana'ata gas ce, amma gaskiyar kenan.

Tukunya ma tana da iya numfashinta

Nan ne gizo ke saƙa. Abin da ke cikin tukunyar gas ruwan gas ne, iskar gas tana samansa. Duk lokacin da ka buɗe murhu, iskar ta fita, sai ruwan ya tafasa ya maye gurbinta. Tafasar nan tana buƙatar zafi, kuma daga jikin ƙarfen tukunyar take jawo shi, ƙarfen kuma ya jawo daga iskar waje. Idan kana ja a hankali ba ka ganin komai. Idan ka ja da ƙarfi, tukunyar ta fara sanyi, sai ka ga ta yi gumi daga ƙasa zuwa daidai inda ruwan ya tsaya, wani lokaci har da farin raɓa mai daskarewa. Ruwan ciki yana ƙara sanyi, matsinsa yana faɗuwa, wuta tana ƙanƙancewa, har ta mutu alhali in ka girgiza tukunyar kana jin gas yana motsi. Ka tuna biyuten da na ce yana kwanciya idan ya kusa sifili. Ba sai garin ya kai wannan sanyin ba, tukunyar da kanta take sanyaya kanta ta kai can.

A abin da na saba gani, tukunya mai kilo 12.5 tana iya ba da kusan rabin kilo a awa ba tsayawa, mai kilo 50 kuma kusan kilo ɗaya, in tana cike kuma garin da ɗumi. Idan ta sauko kwata, a kuma asubahin hunturu, ka raba wannan biyu. Dalili shi ne iya ƙarfen da ruwa ya taɓa ne kaɗai ke shigo da zafi, in ruwa ya ragu wurin ya ragu.

Na koyi wannan ne da kuskuren kaina. Shekarun baya na haɗa wa wani bawan Allah gas a gonarsa ta wajen Alƙaleri. Na yi lissafin wata tsaf, na ga tukunya ɗaya mai kilo 50 za ta kai shi, na haɗa mata kicin da hitar tsaki guda biyu da janareta a layi ɗaya. Watan Nuwamba lafiya lau. A tsakiyar Janairu ya kira ni bayan sallar asuba, muryarsa ba daɗi. Na isa da hantsi. Tukunyar na nan a jingine da bango, ƙasanta jiƙe sharkaf kamar randa, na ɗora ta a sikeli na samu saura kilo goma sha ɗaya a ciki. A ɗakin kaji kuwa tsakin sun taru a lungu ɗaya sun hau kan juna don neman ɗumi, yaron yana tsamo na ƙasa ɗaya-ɗaya yana jerawa a kan buhu. An bar janareta yana ci har tsakar dare saboda baƙi, tukunyar ta yi sanyi, hita ta mutu wajen ƙarfe uku, ba wanda ya farka. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne bahon ruwan zafi da na tarar a gefe, yaron yana shirin tsoma tukunyar a ciki don wani ya ce masa haka ake yi. Ba haka ake yi ba. Zafin da ba ka iya aunawa a jikin tukunyar gas wasa da rai ne, haka ma kwantar da ita ko kifa ta, domin ruwan gas ne zai biyo tiyo maimakon iska, kuma lita ɗaya ta ruwan nan tana komawa lita 250 ta iska.

Tun daga ranar ba na haɗa ɗakin tsaki da janareta a tukunya ɗaya.

A gidanka, idan kai biyu na murhu suna ci, da firji, da hita, abin da ake ja wajen rabin kilo ne a awa. In janareta ya shigo ya haura kilo ɗaya, in ya ɗauki kaya da yawa ya doshi ɗaya da rabi. Tukunya ɗaya ba za ta riƙe wannan ba, sai biyu suna aiki tare.

Abin da zan ce ka saya

Tukunya huɗu masu kilo 50, a jere, biyu a dama biyu a hagu, da abin da muke kira cenjoba a tsakiya, wato na'urar da ke juya jan gas daga wannan ɓangare zuwa wancan. Biyu suna aiki tare, biyu suna jira. Idan na aiki suka ƙare, mai juyawa da kansa yana komawa ɗaya ɓangaren ba tare da wuta ta ɗauke ba, sai alamar da ke jikinsa ta koma ja, ka san lokacin zuwa Gombe ya yi. Akwai na hannu mai araha, amma mai tsaki a ɗaki ya daure ya sayi mai juyawa da kansa, gas ba ya duba agogo kafin ya ƙare. Kowane ɓangare kilo 100 ne, wato watanka mafi nauyi ɓangare ɗaya ya ɗauke shi, kana da wani wata guda a ajiye. A watannin da ba nauyi, ɓangare ɗaya zai kai ka wata biyu zuwa uku. Maganar Agusta kuwa, ka cika duka huɗun a ƙarshen Yuli, kilo 200 za su fitar da kai damina ko da motar ba ta fita ba sai Oktoba. Ka ajiye ƙarama mai kilo 12.5 ko 6 a gefe saboda ranar da za a yi gyara a layin.

Idan ka nace sai janareta ya yi awa huɗunsa kullum, ka ware masa nasa biyu masu kilo 50 da nasa regileta, wato abin da ke daidaita matsin gas, su zama shida. Za ka riƙa cika nasa duk bayan mako biyar zuwa shida. Ka sani mai kilo 50 idan ta cika tana doshin kilo 90 da nauyin ƙarfenta, mutum biyu ne ke ɗaga ta, a tsaye ake ɗaukarta a bayan akori-kura a ɗaure, ba a kwance a but ɗin mota ba. In babu mai taya ka ɗagawa, masu kilo 25 guda takwas za su yi aikin, sai dai mahaɗai sun ƙaru, kuma kowace mahaɗa wurin yoyo ce.

Babban tanki na girke, irin mai tan ɗaya, ban ga dalilinsa a gidanka ba. Da shan kilo 600 a shekara, cikawa ɗaya za ta haura shekara da rabi, ka binne kuɗin tanki da na gas a wuri ɗaya suna kallonka. Ba ka ɗaukarsa ka kai gidan gas, sai ƙaramar tankar gas mai famfo ta zo har gona, kuma mai irin wannan motar ba ya son tayar da ita saboda kilo ɗari uku, balle a hanyar da ka ce tana cin mota. Sannan akwai batun izini daga NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar rarraba man fetur da gas, wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR bayan dokar man fetur ta 2021, da tazarar da dole a bari. A ƙa'idar Amurka, tanki mai galan 125 zuwa 500 yana nisantar gini da mita 3, wanda ya fi haka har zuwa galan 2,000 kuma mita 7 da rabi. Ni a ganina tanki yana fara biyan kansa ne idan shanka ya kai kilo 250 zuwa 300 a kowane wata, misali kajin sun koma dubu uku ko ka buɗe gidan burodi, kuma hanyar ta samu tsakuwa. A lokacin ma ba a jira ya ƙare, in allurarsa ta sauko kashi 30 ake kiran mota.

Wurin ajiya da ranar cikawa

Gas ya fi iska nauyi, furofen sau ɗaya da rabi, biyuten sau biyu. In ya yi yoyo ba ya tashi sama, ƙasa yake bi kamar ruwa ya taru a rami. Don haka tukwanen a waje za su zauna, a kan daɓen siminti, cikin keji na ƙarfe mai rufin kwano da iska ke ratsawa ta ƙasa, nesa da bakin masai da kwata da rijiya da tagar ɗakin kwana, nesa kuma da inda janareta yake. Keji da kwaɗo dole ne, tukunyar gas tana da ƙafa a ƙauye. Ka share ciyawa mita biyar kewaye da shi tun kaka, kafin masu farautar gafiya su fara cinna wa daji wuta.

Daga keji zuwa kicin da ɗakin kaji a ja bututun jan ƙarfe ko na ƙarfe, tiyon roba ya tsaya a ɗan guntun ƙarshe kawai. Ɓeran gona yana cin roba. Ni duk shekara biyu nake canza tiyo, ko ya nuna tsagewa ko bai nuna ba, don ranarmu tana gasa shi. Gwajin yoyo da kumfar omo ake yi a kan kowace mahaɗa, ba da ashana ba. Idan ka ga wuta ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, yawanci ƙurar hunturu ce ta toshe kan murhu, ko zanzaro ya yi gini a inda iska ke shiga. Na sha cire gidan zanzaro a ɗan ramin numfashin regileta, shi ya sa nake juya ramin ya kalli ƙasa. Firji da hita kuma kada a rufe su a ɗakin da ba iska, wutar da ba ta samu iska ba tana fitar da hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa, irin wanda ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a ɗaki.

Wajen cikawa, kowace tukunya akwai nauyinta na wofi a buge a wuyanta ko ƙafarta, tare da shekarar da aka ƙera ta. SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, don haka in za ka sayi ta hannu ka duba wannan kafin fenti ya ruɗe ka. Ka tsaya a kan sikeli da idonka, nauyin wofi da kilo 50, shi kenan. Kada a rage maka, kada kuma ka roƙi a ƙara maka. Sararin da ake bari a sama ba cuta ba ce, ruwan gas yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba, kuma a digiri 40 matsin furofen ya kusa ninka iskar tayar mota sau shida. Na taɓa ganin wadda aka cika maƙil da sanyin safiya a wani gidan gas, don mai ita ya ce a yi masa gyara, aka bar ta a bayan mota a rana ta Afrilu. Kafin azahar bawul ɗinta ya fara huci, aka watse aka bar motar.

Alƙaluman nan duka na gidajen da na yi wa aiki ne, ban ga murhunka ba, ban san hannun Hajiya a girki ba, ban kuma san lafiyar injinka ba. Tsohon janareta yana iya cin ninki ɗaya da rabi na abin da na faɗa. Kowace na'ura tana da ɗan allo a bayanta da aka rubuta cinta, wani da giram a awa, wani da kilowat. In kilowat ne, ka ninka da 75, ya ba ka giram a awa. Wanda ya fi wannan duka shi ne sikelin rataye irin na masu sayen hatsi. Tun kuna cikin gari, kafin ku tare, ka auna tukunyar kicin ranar Juma'a, ka sake aunawa Juma'a mai zuwa, ka yi haka sau huɗu kana rubutawa a bayan kalanda. Janareta kuma ka auna kafin ka tayar da bayan ka kashe, dare uku a jere, ka raba da awannin. In abin da ka samu ya bambanta da nawa, naka za ka bi. Kejin dai ka sa a gina shi da wurin tukunya shida ko da huɗu za ka fara da su, domin ƙarin daɓen siminti tun yanzu bai kai kuɗin fasa shi daga baya ba.